Tawadar da Ta Sha Ruwa

Duk wanda ya taɓa sayen jarida a Jidda lokacin zafi, shekarun baya, ya san yadda take barin baƙi a hannu. Ka karanta shafi biyu, ka share gumi, ka shiga masallaci kamar mai sayar da gawayi. Masu karatu su zagi jarida, masu jarida su zagi maɗaba'a, mai maɗaba'a kuma ya sauko daga ofis ya sauke nasa a kan waɗanda ke tsaye gaban inji. A wata maɗaba'a da ke Sana'iyya, unguwar masana'antu, masu shan wannan zagin su biyu ne: Maman Lawali, mutumin Maraɗi, shugaban masu inji, da Badaru, ɗan Gusau, wanda ya zo Umra da ƙuruciya ya manta hanyar gida, har mai maɗaba'ar ya gyara masa takardu ya zama kafilinsa, mai lamunin zamansa a ƙasar.

Injin jarida ruwa da tawada yake ci tare. Ruwa ya jiƙa inda ba a son rubutu, tawada ta kama inda ake so. Rola ta ɗebo tawada daga kwami, abin da ya rage wata wuƙa ta kankare ta mayar da shi. To, wadda ta dawo ɗin ta riga ta sha ruwa. Tana dawowa tana ƙara sha, ga garin da iskarsa ma a jiƙe take, kafin a kai rabin bugu ta tsinke, hoton mutum ya koma kamar an zana shi da kunu.

Maman Lawali ya ƙarar da ƙarfinsa yana yaƙi da wannan abu. A wurinsa zafi ne maƙiyin tawada, kuma duk masu inji na garin haka suka yarda. Ya jibga ƙanƙara a gindin kwami. Ya lulluɓe bututu da jiƙaƙƙen buhu. Ya jera fanka har ba wurin wucewa. Abin ya yi sauƙi kwana biyu, ya dawo. Shi ya koya wa Badaru komai, tun daga yadda ake jin kaurin tawada tsakanin yatsu biyu har yadda ake gane rola ta gaji daga kukanta. Da ya ga yaron ba ya sata kuma ba ya baki, sai ya ba shi 'yarsa Haoua. Daga ranar Badaru bai ƙara kallon idonsa ba, bai ƙara cin abinci a gabansa ba, bai ƙara ambaton sunansa ba. Baba kawai. A wurin aiki ma, in Baba ya ɗaure kusa a karkace, Badaru sai ya jira ya tafi salla sannan ya gyara.

Bayan idon Baba ya yi rauni ya bar aiki, wata safiyar Juma'a a gidansu na unguwar Karantina, Badaru ya tarar da Haoua tana soya man shanun da wasu alhazai suka kawo mata daga Maraɗi. Wutar kaɗan, man yana tsartsatsi.

"Me ya yi miki kike ƙona shi?" ya ce.

"Ƙona shi? Ruwan nake kora. In ba a kore ruwan ba, kwana kaɗan ya yi wari. Matsa mini, kana tare mini haske."

Bai matsa ba. Ya tsaya yana kallo har tsartsatsin ya yi shiru, man ya kwanta garau. A makon nan ya sa aka yanko masa farantin ƙarfe, ya kafa shi a gangare bisa motar injin, inda ɗumi ke tashi a banza. Tawadar da wuƙa ta kankaro ta bi ta kan farantin a hankali, shimfiɗe siriri, ruwan ya bar ta, ta koma kwami da kaurinta. Sai da ya ɓata tawada mai yawa kafin ya gane gangaren da ya dace da ɗumin da ba zai busar da ita ba. Daga nan jaridar ta daina baƙanta hannu. Ba wanda ya sauko ya ce sannu, don mutane ba sa lura da zagin da suka daina yi. Shekarar da ta biyo Haoua ta rasu, ta bar masa 'ya ɗaya, Khairiyya. Bai taɓa gaya wa kowa inda ya samo dabarar ba.

Duniya kuwa ta yi ta juyawa. Aka rushe Karantina, suka tattara su uku suka koma ɗaki biyu a unguwar Balad, a wani tsohon gida mai matakala da Baba ke hawa yana la'antar wanda ya gina ta. Takardun Baba sun mutu tun da ya bar aiki, ya ƙi komawa Maraɗi, ya ce matarsa da 'yarsa a ƙasar nan suke kwance. Mutane suka koma karanta labari a waya. Mai maɗaba'a ya rasu, ɗansa Nayef ya gaji injin da jaridun da ke ƙara sirancewa kowace shekara.

Nayef ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya kira Badaru ofis ya faɗa masa a fili: zai rufe. Mutumin da ya haura sittin ba wanda zai karɓi kafalarsa, kuma iƙamar Khairiyya, takardar izinin zamanta, a jikin tasa take rataye. In aka rufe, huruj ne, fita ba dawowa, shi da ita. Amma akwai ƙofa ɗaya. Wani kamfani a Dammam mai ƙera kayan injin buga kwali ya ga farantin ya yi sha'awa. Tuntuni Nayef ya sa aka nema wa farantin bara'a, wato takardar da hukuma ke shaida cewa wannan dabara ta wane ce, ba mai kwaikwayo sai da izini, kuma sunan Badaru ne a wurin mai ƙirƙira. In takardar ta fito, kamfanin zai saya, ya karɓi kafalar Badaru ya zaunar da shi a reshensu na Jidda. In ba ta fito ba, ba su da dalilin sayen abin da kowane maƙeri zai ƙera musu.

Takardar ba ta fito ba. Mai dubawa ya ƙi, Nayef ya ɗaukaka ƙara, ya ɗauki lauya, wata Ustaza Tahani, mace mai saurin magana da gilashi a goshi. Ita ta zaunar da Badaru a ofishinta ta warware masa, tana kiransa Ammu, wato baffa.

"Ammu Badaru, ba su ce ka yi sata ba. Ba su ce wani ya riga ka ba. Cewa suka yi abin a fili yake. Sun tono tsoffin takardu biyu. Ɗaya ta Jamus, ta wuƙar da ke mayar da tawada kwami. Ɗaya ta Amurka, ta masu rinin yadi da ke ɗumama fenti don ruwa ya fita. Suka ce duk mai inji da ya san aikinsa, in ya ga wannan ya ga wancan, zai haɗa su ba tare da ya yi gumi ba."

Badaru ya yi murmushi. "Bayan an haɗa, ai kowa ma ya gani."

"Yawwa! Wannan ita ce shari'ar gaba ɗaya. Mu abin da za mu nuna, kafin ka haɗa ba wanda ya gani. Kuma ba don ba su nema ba. Nayef ya ce wanda ya koya maka aiki ya fi kowa a Jidda, ya yi shekaru yana fama, kuma hanyar sanyi ya bi, kishiyar taka. In gwani irinsa ya nema ya rasa, ba mai cewa abin a fili yake. Da zan so shi kansa ya yi magana, amma an ce ba shi da iƙama, ba zan kai shi gaban hukuma in jawo masa ba. Saboda haka daga bakinka za ta fito. Za su tambaye ka, ka ce ya gwada ya kasa. Kalma biyu."

Badaru ya kalli tabarmar ofishin. "Surukina ne," ya ce.

"Mashallah. To ka fi kowa sani ke nan."

Ba ta gane ba, kuma bai ga laifinta ba. Ya tambaye ta ko maganar za ta fita waje. Ta ce daga wannan ɗakin sai Riyad, ta talabijin ɗin bango, mutum uku ne za su ji su rubuta a fayil. Ya auna a ransa. Baba ba ya karanta fayil. Baba ko sunan titinsu ba ya iya gani. Ya ce to, zai faɗa.

Kwanakin da suka rage ya yi ta maimaitawa a hanya, cikin Larabcinsa na Sana'iyya. Ya gwada, ya kasa. Ya faɗa wa gilashin taksi, ya faɗa wa famfon alwala. Har ta fara fita ba tare da ta sarƙe shi ba.

A gida bai ce komai ba, sai dai gobe akwai zama. Khairiyya kuwa, wadda ke aiki a wani shagon abaya a Bab Makka, a Jidda aka haife ta, Hausarta tana tafiya ne da sandar Larabci. Ta san ana jin kunyar suruki kamar yadda ta san ana sanyi a Jos: ta ji ana faɗa. Da daddare take gaya wa kakanta, wanda take kira Sido, cewa gobe manya a Riyad za su saurari mahaifinta kan injinsa.

"Ke amarya," tsohon ya ce, don haka yake kiranta, "kina nufin za a yi taro kan tawada a garin nan ba a gayyace ni ba?"

"Sido, kai da matakala ma ta fi ƙarfinka?"

"Matakalar uwar wa? Ki goge mini rigata mai aska. Kuma kada ki gaya wa wancan mai sunkuyar da kan, sai ya ce rana za ta dake ni."

Ta yi dariya ta ce khalas, shi ke nan, za su ba mahaifinta mamaki.

Da hantsi Badaru yana zaune gaban allon, sanye da farar tob, doguwar rigar Larabawa da Nayef ya saya masa, Ustaza Tahani a damansa, Nayef a hagunsa. Mutum uku suka bayyana a bango, a bayan dogon tebur. An gama gaisuwa ke nan, lauya ta fara jawabi, sai ƙofa ta buɗe a hankali. Badaru ya ji ƙwanƙwasar sanda kafin ya waiga. Khairiyya ce riƙe da hannun Baba, cikin shuɗiyar riga mai aska da hular da bai sa ba tun ranar sunanta. Ta zaunar da shi a kujerar bakin ƙofa, inda kyamara ba ta kai, ta ɗaga wa mahaifinta babban yatsa tana murmushi.

Jikin Badaru ya tashi da kansa zai durƙusa, Nayef ya danne masa gwiwa.

Ustaza Tahani ta yi aikinta, ba a rage mata komai ba. Ta nuna hoton tsohuwar jarida mai dusashe da sabuwa mai kyau. Ta ce takardar Amurka ta yadi ce, ba ta jarida ba, kuma littattafan masu inji duk gargaɗi suke a nisanta tawada da zafi. Ta ce wanda ya bi hanyar da kowa ya ce kada a bi, ba a ce masa ya tsinci abu a fili. Na tsakiya ya gyaɗa kai. Sai na gefe, wani injiniya mai furfura da aka kira Dakta Hashim, ya matso da bakinsa kusa da makirfo.

"Ya Ammu, Allah ya ba ka lafiya. Tambayata gajeriya ce. Lauyarka ta rubuta cewa malaminka a wannan sana'a ya daɗe yana neman maganin wannan matsala. Haka ne?"

"Ya yi aiki sosai," in ji Badaru.

"Ya samu maganin?"

Kalmomin suna nan a bakinsa, a shirye, kamar yadda ya jera su. Sai ya ji tsohon ya gyara zama a bayansa, ya ji ɗan tarin nan da ya sani tun yana saurayi. Baba Larabcinsa ya fi nasa. Mutumin da ya tsince shi yana kwana a kwali bayan Bab Makka, ya sa masa sana'a a hannu, ya ba shi 'yarsa bai tambayi ko sisi ba, yau ya sa rigarsa mai aska ya hau taksi ya zo, shi kuma zai buɗe baki a gaban Larabawa, a gaban jikarsa, ya ce ya kasa.

"Wanda ya koya mini aiki," ya ce, "babu abin da ya gagare shi a injin nan."

Ustaza Tahani ta sauke gilashinta daga goshi.

Dakta Hashim ya duba takardar gabansa, ya sake dubansa. Ba mai neman kayar da mutum ba ne, har sassauta murya ya yi. "Wataƙila ban yi tambayar da kyau ba. An ce shi sanyaya tawada yake yi, kai kuma ka ɗumama. Da an ajiye masa waɗannan tsoffin takardu biyu a gabansa, kana ganin zai kai ga farantinka?"

"Ko ba a ajiye masa ba. Idonsa ne ya tsaya, ba kansa ba. Abin da na sani duk a wurinsa na ji. Ni hannu kawai na sa."

"Ammu yana nufin..." Ustaza Tahani ta fara.

"Bari ya faɗa da kansa, Ustaza," in ji na tsakiya. "Ya Badaru, ka san abin da muke aunawa a nan? Muna tambaya ne ko ƙwararren mai inji zai iya kaiwa ga wannan da iliminsa na yau da kullum. Ka fahimci inda amsarka take zuwa?"

Ya fahimta. Badaru bai yi boko ba, amma ya yi shekaru yana cin abinci a ƙasar mutane, ya san lokacin da ake buɗe wa mutum ƙofa a karo na ƙarshe. Ya ga fuskar Khairiyya a gilashin tagar, murmushin ya fara gushewa. Ya ce wa harshensa yalla, maza. Harshen ya ƙi.

"Na fahimta," ya ce. "Ƙwararre kamarsa zai iya."

Aka rufe zama da godiya. Allon ya yi baƙi. Nayef ya tashi ya fita. Ustaza Tahani tana tattara takardu, ta ce, "Lesh, ya Ammu? Don me?" Badaru ya je ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. An sha rana." Tsohon bai amsa gaisuwar ba.

Hukunci ya zo bayan 'yan makonni, a wayar Nayef. An tabbatar da ƙin farko. Cikin dalilan har da cewa mai ƙirƙirar da kansa ya shaida ƙwararre zai kai ga dabarar. Ustaza Tahani ta ce akwai kotu a gaba, amma maganar da mutum ya faɗa da bakinsa ba ta gogewa, kuma mutanen Dammam sun riga sun sa maƙerinsu ya auna farantin daga hoto. Nayef ya buga takardun huruj, ya ba su wa'adi, ya sumbaci kan Badaru yana cewa wallahi ya yi iyakar yinsa. Gaskiya ya faɗa.

Khairiyya ta riƙe abin a ciki har ranar da ta ga akwatuna a tsakar ɗaki. Kakanta yana masallaci, ta tare mahaifinta.

"Kalma biyu, ya Baba! Ustaza ta gaya mini. Kilmaten! Ni ban san Gusau ba. Ban san kowa ba a Gusau. In na yi Hausa dariya za su yi mini. Kabarin Ummi yana nan, shughulina, aikina, yana nan, kai kuma ka sayar da mu don... don me? Don kada Sido ya ji haushi?"

"Ba haushi ba ne."

"To mene ne? Fahhimni! Fahimtar da ni!"

Ya dube ta. Abin da ba a taɓa faɗa masa da baki ba, ta yaya zai faɗa wa wani? Ya ce, "Uban uwarki ne."

Ta zauna a kan akwati ta rufe fuska. Can ta ce, da ƙaramar murya, "Ni na kawo shi. Na ɗauka za ka ji daɗi."

"Na ji daɗi," ya ce. Ya dafa kanta. Wannan ma ba ƙarya ba ce, kuma ita ta fi ciwo.

Ranar da injin zai yi bugunsa na ƙarshe, ba jarida ba ce ma, tallan wani kantin kayan miya ne, Baba ya ce a kai shi Sana'iyya. Tun ranar zaman bai yi wa Badaru magana ba in ban da amsa sallama. Suka isa bayan la'asar, an kashe inji, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da safe. Wurin shiru, sai warin tawada da tsohon ya shaƙa ya lumshe ido.

"Kai ni wurin abin," ya ce.

Badaru ya riƙe masa sanda, ya ja hannunsa ya ɗora a gefen farantin. Yatsun suka bi gangaren a hankali, suka taɓa walda, suka shafo ragowar tawada, ya murza ta tsakanin yatsu biyu.

"Da ɗumi," ya ce. "Wallahi da ɗumi. Ni ina can ina jan ƙanƙara kamar jaki." Ya yi 'yar dariya. "Ka san bayana bai ƙara miƙewa ba saboda ƙanƙarar nan?"

"Baba ai..."

"Yi mini shiru. Yau ni zan yi magana, kai ka ji, tunda ranar da aka ce ka yi ka ƙi." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashin Badaru. "Me ya sa ka yi ƙarya a gaban hukuma?"

Badaru ya sunkuyar da kai.

"Na kasa, Badaru. Na kasa, sefini, magana ta ƙare. Duk Sana'iyya ta san na kasa, har masu shara. Kana tsammani ban san kana bin bayana kana gyara kusoshina in na tafi salla ba? Na sani. Ina jin daɗi. Kana tsammani don me na sa rigata mai aska? Na zo ne in ji an faɗa a gaban manya, a rubuta a Riyad, cewa abin da ya gagari Lawali na Maraɗi, yaron da ya koya wa aiki ya yi shi. Wannan kaɗai ya rage mini in ji a duniya. Ban da gida, ban da takarda, ban da ido. Sai ka tashi ka ce kowa ma zai iya. Ka mayar da wahalata ta shekaru wasan yara, ka mayar da taka ma haka, kana ganin girmama ni kake."

Hawaye suna zuba a kan farar tob ɗin, Badaru bai share ba. "Baki ya ƙi, Baba."

"Na sani. Ni na koya masa ƙin." Tsohon ya yi ajiyar zuciya, ya mayar da tafinsa kan ƙarfen. "To gaya mini abu ɗaya, in bakin zai yarda. Na yi ta juya shi a raina. Mai inji ba ya tunanin ɗumi, an cire mana shi tun muna yara. Ina ka samo?"

Badaru ya kalli farantin. Bai taɓa ambaton sunanta a gaban mahaifinta ba, ko tana da rai.

"Maman Khairiyya," ya ce. "Tana soya man shanu. Ta ce ruwan take kora."

Tsohon ya ɗaga kai. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, Badaru ya ɗauka dariya ce, kuma da farko dariyar ce.

"Haoua," ya ce. "Uwarta ma haka take yi. Kowace Juma'a, a gabana, ina zaune ina shan shayi ina tunanin inda zan samo ƙanƙara." Muryarsa ta karye. "A gabana, Badaru. Da ka faɗa musu wannan. Da an rubuta sunanta."

Suka tsaya a haka, babu mai kallon wani. Daga nesa ana jin mai gadi yana jan ƙofofin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ka zo mu tafi tare," Badaru ya ce. "In ka miƙa kanka za su ba ka takardar fita. Daga Gusau zuwa Maraɗi ba nisa."

"Hassane tela ya ce akwai katifa a bayan shagonsa a Bab Makka. Ba matakala." Ya girgiza kai. "Ina da mutum biyu a ƙasar nan, ba zan bar su ba kowa ba. Kai dai ka riƙe mini amaryata. In sun yi mata dariyar Hausa, ka ce musu laifin kakanta ne. Kuma ka bar ta ta riƙa faɗin abin da ke bakinta. Kada ka koya mata namu."

Mai gadi ya leƙo ya ce yalla ya shabab, zai kulle. Badaru ya miƙa wa Baba sandarsa, amma tsohon bai karɓa ba. Hannunsa yana nan shimfiɗe a kan farantin.

"Ka ce masa ya ɗan jira," ya ce. "Bai gama hucewa ba."